Ɗakin Sanyin da Malam Ya Tona

Ina cikin takaba nake wannan rubutu, a tsakar gida, kan tabarma. Ni malamar firamare ce a nan Daura, ba marubuciya ba, don haka inda na karkace a yi mini uzuri. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne akwai gidajen da ya kamata a ce na je da ƙafata na yi sallama, ga shi mai takaba ba ta yawo. Allah Ya jiƙan maigidana, Ya sa jinyar da ya sha ta zame masa kaffara.

Malam magini ne, kuma ba don ni ce matarsa ba, ya iya. Aibinsa ɗaya, baje kolin kayan gini. Da ya ji ana yi a Kano ko Kaduna, sai ya bar aiki a hannun leburori ya hau mota. Matan mutane a dawo musu da atamfa, ni a dawo mini da guntun tayil da takardun talla masu sheƙi. Na sha ce masa, "Malam, yau kuma da wace miya za mu ci tayil ɗin?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ki son ci gaba."

A irin wannan tafiya ce ya ga abin da ya ɗauke masa hankali. Lokacin babban ɗanmu Abba yana firamare, ga shi yau har ya tara gemu. An gina wani ɗan gida don nuni, da ɗaki guda da aka nutsa cikin ƙasa. Ya ce ya shiga da tsakar rana yana jiƙe da gumi, ya ji kamar ya sa kai a randa. Bai daɗe da dawowa ba ya tayar mini da murhu, ya hau tona tsakar gida. Ya yi rami ya fi tsayin mutum, ya zuba tsakuwar dutse, ya daɓe, ya jera bulo, ya shimfiɗa tayil. Taga ɗaya ya yi, 'yar ƙarama can sama, ta gilas, wadda ba ta buɗewa. Ƙofa kuwa har roba ya liƙa mata a gefe. Ya ce sanyi ba ya zama inda aka bar masa hanyar fita.

Gaskiya ɗaki ya yi. Wanda ya san bazarar Daura, ga rashin wuta, ya san abin da nake nufi. Nan ya zama turakarsa. A ciki yake ƙailula, a ciki yake kwana, a ciki yake karatun Alƙur'ani bayan asuba. Mutane suka riƙa zuwa kallo, su sauka suna fifita, su hau suna kabbara. Masu hali suka ce a yi musu irinsa. Ya yi a cikin gari, ya yi a Zango, ya yi a Sandamu, har da ƙauyukan da ban san hanyarsu ba. Da ɗakin nan aka san shi, da shi muka yi rufin kwano, da shi yara suka yi karatu.

Ni kam ban taɓa son sa ba. Nakan ce masa mai rai ba ya tona wa kansa rami ya kwanta. In na sauka, gari na wayewa nake hayewa ɗakina, da zafinsa da sauronsa ya fi mini. Wasa nake yi masa, shi ma ya san wasa ne, amma yanzu in na tuna maganar sai in ji ɗaci a bakina.

Tarin ya fara ne a ƙarshen daminar bara. Busasshen tari, irin wanda ba a kulawa da shi. Makon farko aka sayo magani a kemis. Na biyu na haɗa masa citta da kanumfari da zuma. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Mutum ne da bai taɓa sa taba a bakinsa ba, goro ma sai an matsa masa a wurin ɗaurin aure.

Da tari ya ƙi lafawa, Gwaggo Indo, yayarsa, ta zo daga Sandamu da ƙullin saiwoyi. Ta same shi a rumfa yana shan iska. Sau ɗaya ta ji ya yi tari ta yanke hukunci.

"Sanyi ne ya kama masa ƙirji. Hajara, ke da karatunki, kin bar mai tari a fili? Maza a mai da shi ɗakinsa. Kada ya ƙara fitowa sai ya warke."

Na ce, "Gwaggo, ai ɗakin shi ne mai sanyin."

Ta ce, "Sanyin ɗaki daban, iska daban. Iska ita ke shiga ƙirji. Duk gidan nan ina ne iska ba ta kaiwa in ba can ba?"

Aka mayar da shi. Ta sa aka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, aka rataya bargo a bakin matakala. Alwala ma a roba yake yi, da ruwan ɗumi. Garwashi kawai ya hana a shigar, wai hayaƙi zai ɓata masa fenti. Ban ga laifin Gwaggo ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan haka ya ga ana yi wa mai tari, a rufe shi, a lulluɓe shi, a tare duk wata kafa. Mutumin da a da yake wuni a bakin aiki ya koma dare da rana yana cikin ramin nan, ni kuma ina gefensa da kofin shayi.

Ya fara ramewa. Wandonsa ya riƙa zamewa har sai da na ƙara wa mazagi ƙulli. Matakalar da yake hawa a guje, sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango. Wata safiya na ɗauki gwangwanin da yake tofi a ciki zan wanke, na ga jini. Ban nemi shawarar kowa ba. Na sa hijabi, na ce wa Abba ya nemo mota.

A asibiti mun bi layin kati tun safe, ba mu ga likita ba sai da aka kira azahar. Aka ce a kawo kaki a gwada ko tarin fuka ne. Kafin sakamako ya fito, labari ya riga shi zaga unguwa. Maƙwabciyar da kullum take aiko aron turmi ta daina. Masu dubiya su tsaya daga zaure su ɗaga murya. In na kai ruwa a ce, "Alhamdu lillahi, yanzu na sha." Da sakamako ya zo babu tarin fuka, don haushi na so in liƙa takardar a ƙofar gida. Hoton ƙirji ne ya nuna wani farin tabo a ɓangaren dama. Likitan ya daɗe yana ɗaga hoton a hasken taga, sannan ya ce mu je Katsina. Katsina suka duba suka ce Kano.

A tsakanin nan ba irin shawarar da ban ji ba. Wasu suka ce sammu ne, magina 'yan'uwansa ke masa hassada. Yaya Mati, wan Malam, mai fataucin shanu, ya kawo rubutu a jarka, aka sha da bisimilla. Wata tsohuwa a unguwarmu ta ce ai gidan mutanen ɓoye Malam ya tone, sai an yi musu yanka. Na yi tsaki a raina. Daga baya na ga duk ita ta fi kusa, ta gane wurin, mazauninsa ne kawai ta kuskure.

A Kano aka ba shi gado a wani babban asibiti, ni kuma na samu gefen baranda na shimfiɗa kwali cikin 'yan jinya. Na ga alheri a wurin, ba zan ɓoye ba. Wata baiwar Allah 'yar Haɗeja da ke jinyar mijinta ta raba ruwan zafinta da ni tun ranar farko, ta nuna mini inda ake wanki da inda tuwo ya fi araha. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da takan tsaya ta gyara wa Malam matashi ko ba ɗakinta ba ne. Allah Ya saka musu da alheri. Amma ɗaya ɓangaren ma sai na faɗa. An ɗebi ɗan nama a ƙirjinsa da allura aka ce mu saurari mako mai zuwa, mako mai zuwa ya zama wata. Yau inji ya lalace, gobe mai sa hannu ya yi tafiya. Kullum sai an rubuto wani abu a ce a sayo a waje. 'Yan kunnena suka tafi, injin buga bulo ya bi su, filin da Malam ya saya wa Abba ya bi bayansu. Yaya Mati ya sayar da bijimansa bai gaya wa kowa ba, sai kuɗin kawai muka gani a hannun Abba.

Likitar da ta gaya mana yarinya ce, ba za ta girmi Abba da yawa ba. Ba ta tsaya a kanmu ba, kujera ta ja ta zauna dab da gadon.

"Baba, ciwon daji ne a huhu, kuma ya yi nisa. Za mu yi abin da zai rage maka wahala. Amma ba zan yi maka alkawarin warkewa ba, wannan sai Allah."

Malam ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta shiga tambayoyi. Taba? A'a. Zama da masu shan ta? A'a. Ƙurar siminti da ta dutse? Ya ce wannan kam an sha. Ta rubuta. Sai ta ce, "Baba, a wane irin ɗaki kake kwana?"

Wallahi sai na ga fuskarsa ta washe. Mutumin da yanzu aka gama gaya masa wannan magana, ya gyara zama ya shiga ba ta labarin ɗakinsa, yana yi yana haki. Zurfinsa, tsakuwar, robar ƙofa, yadda ko ƙuda ba ya samun hanya. Har cewa ya yi in ta tashi gini ta neme shi, zai yi mata sauƙi. Ita kuwa tun yana tsakiya ta ajiye biro.

"Ka daɗe kana kwana a ciki?"

"Ai shekaru ne, goma sha wani abu."

"Baba, akwai wata iska da ake kira radon. Daga ƙasa take fitowa, da wasu duwatsu. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa atishawa. A fili ba ta komai, iskar gari na kwashe ta. Amma in ta samu ɗaki rufaffe, musamman wanda ke ƙasa, taruwa take yi, mutum ya yi ta shaƙa bai sani ba. In an cire taba, tana cikin abin da aka fi tuhuma da irin ciwon nan."

Na ce, "Likita, mu fa da ciwon nan muka rufe shi a ciki. Har tsumma muka cusa."

Ta ce, "Mama, wannan ba aikin makonni ba ne, na shekaru ne. Ni ma ba zan rantse miki cewa ita ce ba, ba likitan da zai iya rantsewa. Amma kada ya ƙara kwana a can sai an auna." Ta ce akwai wani malamin jami'a da ke irin wannan awon, za ta haɗa shi da Abba.

Malam ya juya fuska bango. Sai da ta fita ya ce, "Yarinyar nan ta san allura, ba ta san gini ba."

Aka fara yi masa ƙarin ruwan da suke kira kemo. Kada Allah Ya nuna wa maƙiyi. Amai har ba abin da ke fita, baki duk gyambo, kunu ma sai da lallashi. Gemun da yake gyarawa kowace Juma'a ya riƙa biyo matashi. In an yi zagaye ɗaya sai a sallame mu mu huta a gida, mu sake komawa. Hanyar Kano zuwa Daura na san kowane rami da ke kanta, domin kowanne sai ya yi nishi.

Ranar da muka fara dawowa, yana shiga gida ya nufi matakala. Na riga shi, na tsaya a baki.

"Malam, ba za ka sauka ba."

"Hajara, a gidana?"

"A gidanka. In ka ga ka sauka, ta kaina ka bi."

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tare masa hanya ba. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya juya a hankali Abba na riƙe da shi. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Da yana da lafiya, tsawa ɗaya ta ishe ni. Aka kafa masa gado a ɗakina, taga a buɗe, da rana kuma a fito da shi rumfa. Gwaggo Indo ta ce zan kashe mata ƙane da iska, ta yi fushi ta koma Sandamu. Ba ta rufa mako ba ta dawo da ƙwaryar fura, don zaman can ya gagare ta.

Malamin jami'ar ya zo da wasu 'yan na'urori kamar ƙaramar rediyo. Ya ajiye ɗaya a ɗakin ƙasa, ɗaya a ɗakina, ɗaya a zaure, ya ce kada a taɓa, zai dawo. Da ya dawo ya duba, sai ya zauna kan tabarma kusa da gadon Malam a rumfa. Lambobin da ya faɗa ban riƙe su ba. Abin da na riƙe shi ne ɗakina da zaure ba damuwa, amma ɗakin ƙasa ya wuce inda ake cewa a tashi a yi gyara, nesa ba kusa ba. Ya ce ba kowace ƙasa ce haka ba, gida da gida ma sukan bambanta ko katanga ce ta raba su, sai an auna ake sani.

Na zaci Malam zai yi gardama. Sai na ji ya ce, "To yaya ake gyara shi?"

Malamin ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Ya ce bututu ake kafawa a cikin tsakuwar da ke ƙarƙashin daɓe, a ja shi sama har ya zarce rufi, a bar bakinsa a buɗe, wani lokaci a sa masa 'yar fanka. Iskar sai ta bi ta nan ta fice, ba ta shiga ɗaki ba. A toshe tsagar daɓe, a kuma yi tagogi masu buɗewa.

Malam ya daɗe yana kallon zanen. Can ya ce, "Na ga bututun nan."

Duk muka juyo muka dube shi, ya ci gaba.

"A wurin baje kolin. Yana bayan ɗakin, daga ƙasa har sama, baki a buɗe. Na tambayi wanda ke tsaron wurin, ya ce shi ma bai sani ba, maigidansu ya fita cin abinci. Na zagaya na duba. Ba ya kai ruwa, ba na salga ba ne, babu waya a ciki. Na ce wannan hanyar ɓera ce da sauro, kuma ta nan sanyin zai gudu. Motar Daura tana shirin tashi, ban jira ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ban sa wa kowa ba. Ko ɗaya."

Ya ce wa Abba kada wanda ya taka zanen. Abba ya ɗauko kwando ya kife a kai.

Washegari Yaya Mati ya zo, Abba ya gaya masa komai. Ya sa aka kira ni, muka zauna mu huɗu a rumfa.

"Maganar nan ta tsaya a nan," in ji shi. "Likita da bakinta ta ce ba ta da tabbas. Kwana ne in ya ƙare ya ƙare, ko a kan bishiya mutum yake kwana. Ku toshe naku ramin, ku yi shiru. Yaron nan sana'ar ubansa kawai ya gada, filinsa ma an sayar. Ga maganar aurensa an fara. In aka ji a garin nan cewa ginin gidan nan yana sa ciwo, wallahi ko katangar makewayi ba wanda zai ba shi. Wasu ma alƙali za su kai ku. Kai ƙanena, me za ka bar masa in ka ɓata wannan?"

Abba ya sunkuyar da kai.

Ba zan yi ƙarya ba, maganar Yaya ta shige ni. Ba mugu ba ne, mutumin da ya rabu da shanunsa saboda mu. Ni uwa ce, na san yadda garinmu yake, abu kaɗan ne a yi wa gida tambari har jikoki. In na kalli Abba sai in ce a yi shiru. In na tuna gwangwanin nan da jini sai in ce ina, ba za a yi ba. Haka na yi ta juyawa, Malam kuma ya daina magana sai dole. Kemo ta ƙi karɓarsa, likita ta ce a dakata. Aka kawo silindar oksijin gida, da abin da ake ɗaura masa a hanci. Zafi ya shigo, muna ta fifita a rumfa, ga ɗakin sanyi a rufe a gabanmu.

Ana cikin haka wani Alhaji daga Zango, wanda Malam ya yi wa irin ɗakin, ya zo dubiya bayan la'asar. Yaya Mati yana nan. Ni ina daga ƙofar ɗakin girki, na aika da ruwa. Bayan gaisuwa da addu'a, Alhaji ya so ya faranta wa mara lafiya rai.

"Malam, ai kai ka gama mana komai. Ɗakin nan naka, ni yanzu ma an ƙwace mini shi. Tun da zafi ya shigo jikokina duk a ciki suke kwana, har faɗa suke a kan wuri. Uwarsu ta rufe su ruf, sai safe. Kullum sai na sa maka albarka."

Na ga Yaya Mati ya kafa wa ƙanensa ido. Malam ya ɗaga hannu a hankali ya zare abin hancin.

"Alhaji, ka fitar da su yau."

"Na'am?"

"Yau. Kada su ƙara kwana. Akwai abin da na bari ban sa ba."

Ya gaya masa duka, yana yi yana tsayawa, Abba na mayar masa da abin hancin yana turewa. Bai rage komai ba, har da cewa likita ba ta rantse ba, har da cewa wataƙila ƙasar Zango ba irin tamu ba ce, sai an auna. Alhaji ya ajiye kofin bai sha ba.

"Kai da bakinka, Malam?"

"Ni da bakina."

Alhaji ya miƙe, ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya fita da sauri har ya bar carbinsa. Yaya Mati ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Shi ke nan, ka yanka yaron nan." Ya fita shi ma. Ni kuwa na koma cikin ɗakin girki na yi kuka mai isata, ban san ko na baƙin ciki ba ne ko na sauke kaya.

Daga ranar bakin Malam ya buɗe. Ya sa Abba ya ɗaga kwandon, ya ce da namu za a fara, don ya koya a gabansa. Aka juya gadonsa yana fuskantar matakala. Da guduma ta fara sauka a kan tayil ɗin nan, na ga ya runtse ido, amma bai ce a bari ba. Da bututu ya fito ta saman rufi ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Ya karkace. Sauke ka sake." Mutum numfashi na gagararsa, amma bututu ya karkace. Abba ya sauke ya sake, aka fasa tagogi biyu masu kallon juna.

Sauran kwanakin ya yi su yana tuno gidaje. Ya ce gidan wane a bayan kasuwa, gidan wane a Sandamu kusa da masallaci, wani a ƙauyen da ake ratsa gonar gyaɗa kafin a kai. Wasu ya tuna sunan mai gidan ya manta garin, wasu an sayar, wasu masu su sun rasu an raba gado. Akwai kuma maginan da suka kwaikwaye shi, waɗannan ba shi da labarin inda suka yi. Yakan yi shiru in zaci barci ne, sai ya buɗe ido ya ce, "Akwai wani kuma," ya yi ta lalube ya kasa kamowa. Wannan ya dame shi fiye da ciwon.

Ya cika da hantsi, a rumfa, kansa a cinyar Gwaggo Indo, tana yi masa kalmar shahada yana bi. Yaya Mati ne ya yi masa wanka. Duk fushinsa, shi ya tsaya a kan komai har aka kai shi.

Abin da Yaya ya faɗa kuwa bai faɗi ƙasa ba. Aikin da aka riga aka ba Abba aka karɓe. Gidan da ya je ya yi bayani, wani ya gode, wani ya ce neman kuɗi ya zo yi da mutuwar ubansa, wani ya kore shi da zagi. Iyayen yarinyar da zai aura suka ce a ɗan dakata tukuna, kowa kuma ya san ma'anar wannan. Yanzu Katsina yake zuwa yana leburanci a ƙarƙashin wasu, ran hutu ya ɗauki babur ya bi ƙauyuka yana tambaya. Alhajin Zango dai ya zo ta'aziyya, ya zauna kusa da Abba a gaban jama'a, ya kuma ce Abba ne zai sa masa bututun. Allah Ya saka masa. Ni ma an yi mini hoton ƙirji, an ce ba a ga komai ba, in riƙa dawowa.

Don haka jama'a, tarin da ya ƙi jin magani a kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙa saiwa. Mai tari kuma ba a toshe masa iska. Wanda zai yi ginin zamani ya tambayi amfanin kowane abu kafin ya cire shi, ko da mota za ta tafi ta bar shi.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar. Tun ina amarya ban taɓa kiran sunan maigidana ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa, haka aka tarbiyyantar da mu. Amma garin nan kowa Malam ne, kuma wanda ya sayi gida ko ya gada ba zai gane wa nake nufi ba. Na yi shawara da Abba, tun da shi zai ɗauki nauyin, ya ce in rubuta.

Sunansa Sada. Sada magini, ɗan Malam Ilu.

In akwai ɗakin ƙasa a gidanku, ku tambayi wanda ya gina shi. In aka ce muku shi ne, ku fara fito da yaranku tukuna, sannan don Allah ku yafe masa.